Fumfuna a Gidan Tururuwa: Wa Za A Tambaya?



Ranar wata Talata cikin watan jiya, bayan an sallame la'asar, muna zaune a barandar masallaci muna jiran ruwa ya tsagaita, sai ga wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya shigo rungume da wata roba mai murfi, ya lulluɓe ta da leda. Ɗan wani ɗan'uwanmu ne mai harkar albasa a Mile 12. Ya durƙusa ya gai da Malam, sannan ya buɗe robar. Muka leƙa. Tururuwa ce a ciki, irin manyan nan masu son zaƙi da muke kira shazumamu, guda goma sha biyar, da uwarsu wadda ta ninka su girma, da 'yan ƙwayaye farare a tare a wuri ɗaya. Kusurwa guda kuma wani abu kamar auduga ya rufe ta, gefensa ya fara yin kore. Fumfuna ce, duk wanda ya taɓa yin damina a Legas ya san ta.

Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, in suka mutu ni za a tambaya?"

Wasu daga cikinmu suka yi dariya. Malam bai yi ba. Ya ce, "Wa ya sa su a ciki?" Yaro ya ce shi ne. Malam ya ce, "To zauna mu ji."

Ashe tun cikin Afrilu ne, lokacin ruwan farko, masu fiffike suka taru a ƙwan lantarkin ƙofar gidansu. Malamin kimiyyarsu ya taɓa gaya musu cewa babbar da ta zubar da fukafukanta tana yawo ita kaɗai sarauniya ce, wurin kafa gida take nema. Mu kan ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike, alhali a wajenta ranar aure ce. Sai dai gaskiyar karin maganar na nan, don akasarinsu tsuntsaye da ƙadangaru ke cinyewa a ranar. Yaro ya kama ɗaya, ya sa ta cikin siririyar kwalbar gwaji, rabi ruwa an toshe da auduga, rabi fili, bakin ma an toshe. Ya ajiye a duhu. Ta yi ƙwai, ta rene su ba tare da ta ci komai ba, daga jikinta take ciyar da su, har ma'aikatan farko suka fito. Zuwa nan komai lafiya.

Daga nan ne ƙauna ta shigo. Ya ga kwalba ta yi musu kaɗan a idonsa, sai ya roƙi ragowar farar ƙasar silin, wadda ake kira POP, a wurin masu aikin gini, ya zuba a roba ya fafe ɗakuna takwas. Kullum sai ya zuba ruwa don kada su ji ƙishi. Ya ba su sukari, ya ba su ɓarɓashin ƙuli-ƙuli, ya ba su guntun kilishi, har da mataccen kyankyaso guda cur. Ya rufe murfi ruf don kada su gudu mahaifiyarsa ta gani. Kwana goma ba a yi ba fumfuna ta bayyana.

Mahaifinsa ya iso ana cikin haka, kunya ta kama shi. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, shirme ne na yara. Yanzu zan sa a zuba musu fiya-fiya a jefar da robar a kwata. Tururuwa ce fa. Daga gida zuwa nan ban san ko nawa na taka ba." Ya ƙara da cewa a unguwar nan akwai wanda bai ci na rana ba, mu kuma muna zaman shari'ar ƙwari.

Ba mu raina wannan magana ba, kuma ba ma son mai karatu ya raina ta. Akwai mutanen da tausayin dabba ya cika musu ciki har ba su da sauran wurin ɗan Adam, kuma wannan ma cuta ce. Sannan addini bai ɗora mana abin da ba za mu iya ba. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna cewa can wajen ƙarshenta an yi sauƙi a kan kashe tururuwa idan ta cutar kuma ba yadda za a yi da ita, ko da yake mai littafin ya nuna barin kashewar ya fi soyuwa. Mai shagon kayan masarufi da tururuwa ta shiga buhun sukarinsa ba wanda zai ce ya zauna ya zuba mata ido.

Amma tururuwar da muka taka a hanya da wadda muka rufe a roba ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma a nan ne muka rabu da mahaifin yaron. Ta hanya ba mu san da ita ba, ba mu hana ta komai ba. Ta roba kuwa mun zaɓe ta, mun ɗauke ta daga inda take iya neman na kanta. Hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kowa ya haddace shi, sai dai sau da yawa rabinsa muke ji. Laifinta biyu ne a haɗe: ba ta ciyar ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a ƙasa ba. Da ba ta tsare ta ba, da ba wanda zai tambaye ta abincin kyanwar. Malam ya tuna mana cewa a Mukhtasar na Khalil ma haka aka gina hukuncin: ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta, in ya ƙi kuwa a sayar da ita. Wato nauyin yana farawa ne daga lokacin da ka rufe ƙofa.

Wani zai ce, ai yaron bai hana su abinci ba, yawa ma ya yi musu. Haka ne, kuma wannan shi ne wurin da ya fi ɗaure mana kai. Matar hadisi sakaci ta yi. Yaron nan kuwa kullum yana kan robarsa, kuɗin tara ma a kansu yake ƙarewa. To mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ta fito daga kyautatawarsa?

Kafin a amsa, sai a san abin da tururuwa ke yi wa kanta idan an bar ta. Zamanta a cikin ƙasa mai laima ne, inda fumfuna ta fi ko'ina yawa, amma ka tona gidanta da wuya ka ga ya yi fumfuna. Dalili, aikin tsabta ba ya tsayawa a wurinsu. Suna lashe junansu, suna lashe ƙwai da tsutsotsinsu suna cire ƙwayoyin fumfuna kafin su tsiro. Akasarin nau'o'insu suna da wani ƙulli a gefen ƙirji mai fitar da ruwan da ke kashe ƙwayoyin cuta, wasu kuma, irin dangin shazumamu, da ruwa mai tsami da ke fita daga bayansu suke wannan aiki. Suna da juji nesa da ɗakin 'ya'ya. Wadda ta mutu a fitar da ita. Wani masanin tururuwa na Jami'ar Harvard a Amurka, Edward Wilson, ya nuna tun 1958 shi da abokan aikinsa cewa wani maiƙo da ke fita daga gawar ne suke shinshina su gane ta mutu. Idan ɗaki ya yi laima da yawa su kwashe 'ya'ya su koma wani, in gidan gaba ɗaya ya ɓaci su yi ƙaura. Malamanmu na da ma sun lura da wannan. Jahiz, wanda ya rasu a Basra shekara ta 255 bayan Hijira, ya rubuta a littafinsa na dabbobi yadda tururuwa ke fito da hatsinta ta shanya idan ya jiƙe, da yadda take fasa ƙwayar don kada ta tsiro. Duk wanda ya tashi a ƙauye a Arewa ya ga shanyar tururuwa a bakin rami bayan ruwa, da zoben ƙaiƙayin da take zubarwa.

Ashe ke nan abin da yaron ya ƙwace musu ya wuce abinci. Ya ƙwace musu juji, ya ƙwace musu iska, ya ƙwace musu damar tashi su bar wuri. Tururuwa goma sha biyar ba za su iya kula da ɗaki takwas ba, sai suka mayar da waɗanda ba kowa a ciki wurin zubar da shara, a cikin gida, a kan farar ƙasa mai jiƙe. Kyankyaso guda ya fi ƙarfin cinsu, ya ruɓe. Murfi ya hana laima fita. Duk hanyar da Allah Ya hore musu ta kare kansu an toshe ta, kuma wanda ya toshe da kyakkyawar niyya ya yi.

Abin da muka fahimta, kuma a kansa muka tsaya, shi ne kyakkyawar niyya tana ɗauke zunubin abin da ya wuce, amma ba ta ɗauke aikin gyara. Yaron bai sani ba, kuma bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba tukuna. Sai dai daga ranar da ya ga fumfunar ya kuma ji dalilinta, uzurin rashin sani ya ƙare, ga shi da babban da ke tsaye a kansa. Wanda ya ɗauki rai ya tsare, neman sanin abin da ran nan ke bukata ya zama cikin haƙƙin. Cewa "ai ina son su" ba ya isa, tunda son ne ma ya kawo kyankyason.

Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya shekara talatin yana ɗauko kaya daga Shagamu, shi ya kawo ɗaya ɓangaren. Ya ce shi a ganinsa tun farko bai kamata a tsare su ba. Akuya ana tatsa, kaza ana ci, kare yana gadi, tururuwa me za ta yi maka? Ya ce a kai su bayan gida a juye, kowa ya huta.

Malam ya ce asalin kiwon abin da ba a ci ba haramun ba ne. Ya kawo labarin ƙanin Anas ɗan Malik, ƙaramin yaro Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da shi cikin baƙin ciki ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa daga cikin abin da malamai suka ciro a wannan hadisi akwai halaccin yaro ya riƙe tsuntsu, muddin ba azabtar da shi ake yi ba. Mu ma muna ganin akwai amfani. Yaron da ya tashi a gidan haya a Legas, tsakanin siminti da kwata, bai taɓa ganin rumbu ba balle shanyar tururuwa. In ya zauna yana kallon yadda halittar da aka sa wa sura guda sunanta a Alƙur'ani take ɗaukar 'ya'yanta, bai yi asarar lokaci ba.

Juyewa a bayan gida kuma, ko da yake ya fi fiya-fiya nesa ba kusa ba, ba lallai ya zama rahama ba. Sarauniya da 'ya'ya goma sha biyar a fili da rana tsaka, ga kaji, ga ƙadangaru, ga wasu tururuwan da suka riga suka mallaki wurin, da wuya su kwana. Sau da yawa abin da muke kira saki, wanke hannu ne kawai: mun gaji, muna son abin ya mutu inda ba za mu gani ba. In za a sake su, a kai su inda aka kamo uwar, da yamma, kusa da ƙasa mai laushi, a buɗe a bar su su fita da kansu.

Duk da haka akwai gaskiya a maganar dattijon, don sha'awa irin wannan in kuɗi ya shige ta takan zama wani abu dabam. A Turai da Asiya kiwon tururuwa ya zama kasuwa. A watan Afrilun 2025 an kama wasu samari biyu 'yan Beljiyam a Kenya da tururuwa kusan 5,000, cikinsu har da sarauniyoyin wata babbar tururuwa mai tara hatsi ta gabashin Afirka, an cusa su cikin kwalaben gwaji da auduga za a fita da su. Kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara guda. Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda abu ke tashi daga "ina so" ya koma "nawa ne". Tsakanin yaron da ke kuka a kan guda goma sha biyar da mai lissafin dubu biyar har da waɗanda za su mutu a hanya akwai tazara mai yawa.

Abin mamaki, dattijon da ya ce a juye su shi ne ya fi kowa gane maganin. Ya ce goro ma haka yake. In ka jiƙa shi da yawa ya ruɓe, in ka bar shi ya bushe, in ka ƙulle huhu ka manta ka tarar da fumfuna ta ci rabi. Sai kana buɗewa lokaci-lokaci, kana sake ganye, kana tsince wanda ya fara ɓaci kafin ya shafi na kusa da shi.

Ga abin da aka yi. Da farko an sa tsinke da auduga an ɗebe kyankyason da kilishin da duk abin da hannu zai iya kai wa. Yaron ya so a wanke robar da ruwan bilic su kuma suna ciki, aka hana shi, don abin da zai kashe fumfuna zai kashe mai gidan, garin neman gira a rasa ido. Ya ce to a zazzage su cikin sabon wuri. Wannan ma aka hana. Ƙwan tururuwa ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, in aka zazzage wasu za su fashe wasu su ɓace, sarauniya kuma in ta firgita takan daina ƙwai, wani lokaci har ta cinye waɗanda ta yi. Sai aka samo sabuwar kwalbar gwaji aka shirya ta kamar ta farko, da ruwa mai tsabta da auduga, aka huda gefen robar aka haɗa su da guntun tiyo irin na ƙarin ruwa. Aka naɗe sabuwar kwalbar da baƙin ƙyalle ta yi duhu, tsohon gidan kuma aka bar shi a haske, aka daina zuba masa ruwa, aka huda murfin da allura don iska. Tururuwa duhu da laima take bi. Shi ke nan, sai jira.

Jiran ne ya fi ba yaron wuya. Kwana biyu ba abin da ya motsa sai guda ɗaya da ke shiga tiyo tana dawowa. Ya zo ya ce, "Malam, ba su gane ba ne, in ɗan karkata robar?" Malam ya ce, "Kai ka san ɗakin ya ɓaci, su ma sun sani. Bar su su yarda da sabon."

Mun daɗe muna juya wannan a rai, don ba a roba kaɗai muke da waɗanda muka ɗauko ba. Kusan kowane mai shago a cikinmu yana da yaro ko biyu da ya taho da su daga gida, ɗan yaya ko ɗan maƙwabci, ba su san gari ba, ba su jin Yarabanci, kuɗin motar komawa ma a hannunmu yake. In aka tambaye mu sai mu ce ai suna ci suna ƙoshi. Gaskiya ne. Amma wa ya taɓa shiga ɗakin da suke kwana a watan Yuli ya duba bangon, ya ɗaga tabarmar? Mutum shida a ɗakin da ba taga, kaya a jiƙe, tari ba ya ƙarewa. A ƙauye da sun fita sun kwana a waje ko sun koma gidan kawu. Ba muna kwatanta 'ya'yan mutane da ƙwari ba ne, Allah Ya kiyaye. Tambayar ce iri ɗaya, kuma tasu ta fi nauyi, don su za su yi magana ranar da za a tsaya.

A dare na huɗu suka tashi. Yaron ya ce ya farka wajen ƙarfe uku ya haska da wayar mahaifiyarsa, ya ga suna jere a tiyo kowace da ƙwai a baki, uwar tana tsakiya ana janta. Da safe tsohon gidan ba kowa sai gawa huɗu da wasu tsutsotsi da fumfuna ta riga ta kama, waɗanda suka bari da gangan ba su ɗauka ba. Saura goma sha ɗaya da sarauniya. Aka cire tiyon, aka fasa farar ƙasar aka zubar, aka wanke robar da ruwan zafi aka shanya. Yanzu ita ce filin cin abincinsu, a bushe, kwalbar na kwance a ciki. Abinci kuwa ɗigon ruwan sukari a kan 'yar takarda, da ƙafar fara ko ɗan ƙaramin ƙwaro sau biyu a mako, abin da ya kwana ba a ci ba a ɗauke. An gaya masa in ya ga ɗan baƙi-baƙi a jikin auduga kada ya firgita, takan yi haka kuma suna iya zama da shi. Mai gashi mai yaɗuwa zuwa wajen ƙwai ita ce abin tsoro, kuma in ta dawo hanyar dai ita ce wannan. Sabon gida mai ɗakuna sai sun cika kwalbar sun rasa wurin juyawa.

Ya sake tambayar Malam game da huɗun da suka mutu. Malam ya ce ya yi istigfari, ya kula da sauran. Yaron ya ce ai ya riga ya yi, so yake ya san ko za a tambaye shi su. Malam ya yi shiru, sannan ya ce masa Allah ne masani.

Mahaifinsa har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya ce in aka tashi tafiya gida hutun makaranta ba za a ɗauki kwalbar ƙwari a mota ba, kuma ba za a bar ta a ɗaki ba kowa ba. Dattijo mai goro ya ce a kawo masa shago, zai riƙe su har a dawo, da sharaɗin yaron ya rubuta masa ranakun ba da abinci a takarda da manyan baƙaƙe, don idonsa ya fara rauni.